Kai Yara Wasan Ruwa Daga Kilomita Biyar: Yadda Ake Shirya Ranar

Idan watan Fabrairu ya kama, zafin Bangui ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Kwanon rufi ya ɗau wuta tun hantsi, ƙurar kasuwar Kilomita Biyar ta bi mutum har ɗaki, yara kuma su sa ka gaba: "Baba, yaushe za ka kai mu ruwa?" Sun gani a waya yadda yaran wasu ƙasashe suke sulalowa daga sama su faɗa ruwa suna ihu, su ma suna so. Kada ka ga laifinsu. Daga ƙarshen 2013, saboda rikici, an yi shekarun da fita daga unguwar nan zuwa tsakiyar gari ma sai an yi shahada. Yaran da suka tashi a lokacin sun girma kogin Ubangi yana kusa da su, amma ba su san shi ba. Da yawansu ba su iya ruwa ba, kuma sun cancanci a kai su.

Sai dai duk shirin nan a kan abu ɗaya na gina shi: idon babba guda da ba ya barin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Bi matakan nan a jere, kada ka tsallake.

1. Zaɓi wurin da ya dace da autan cikinsu. Ƙaramin ake dubawa, ba babban da ya fi kowa surutu ba. Wurare uku ne a gabanka. Na farko wurin ninkaya na otal, wanda a nan muke ce wa pisin. Ledger Plaza yana da shi, wasu otal-otal ma haka. Ruwansa ana sa masa magani, kana ganin ƙasansa, kana iya sanin zurfinsa. Na biyu matsirgar Boali a kan kogin Mbali, kusan kilomita 100 arewa maso yamma da Bangui, inda ruwa yake faɗowa daga tsawon kamar mita 50 a faɗin kamar mita 250. Na uku bakin Ubangi, inda da rani yashi yake fitowa, ana hango garin Zongo a tsallake. Shawarata: in ana so yara su shiga ruwa da gaske, pisin. Boali wurin kallo ne da shan feshi, na yaran da suka kai jin magana. Bakin kogi kuwa a zauna, a ci gasasshen giwan ruwa, a kalli masu kwalekwale, amma yaro kada ya shiga. Saman Ubangi yakan kwanta lumui, ƙasansa yana ja.

2. Tsai da rana. Daga Disamba zuwa Maris ne rani, hanya a bushe, hadari kaɗan. Matsirgar Boali ta fi cika da ban sha'awa a ƙarshen damina; da rani ruwanta yakan ragu ƙwarai, don haka kada yara su sa ran abin da suka gani a hoto. Kauce wa Juma'a saboda masallaci. Kauce wa ranar Salla da kashegarinta, domin cunkoso shi ne babban abokin gaban mai tsaron yara. Safiyar Asabar ta fi sauƙi a kan yammacin Lahadi.

3. Ƙirga manya kafin ka ƙirga yara. Nan ne yawancinmu muke kuskure. Da an ji maigida zai fita da yara, sai maƙwabta su turo nasu, mota ta cika da yara goma sha biyu, manya biyu. Kada kunya ta sa ka ɗauki abin da ba za ka iya tsarewa ba. Yaron da bai kai shekara 5 ba, babba guda gare shi shi kaɗai. Waɗanda suka fi haka, babba guda ga yara uku, iyaka. In maƙwabciya ta ce a tafi da nata, amsa mata da ladabi: "Hajiya, da murna, amma sai in Yayansu babba zai zo tare da mu." Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ba ta cikin lissafin manya, ko da a gida ita ke goyon ƙanenta. A bakin ruwa ita ma yarinya ce.

4. Je ka ga wurin da idonka, ko ka buga waya. Tambayi ko suna karɓar wanda ba a otal ɗin ya sauka ba, nawa ne kuɗin babba, nawa na yaro, ƙarfe nawa ake buɗewa. Tambayi ko akwai ɓangaren yara mara zurfi, da ko akwai mai ceto da yake zaune a bakin ruwa. Tambayi ko ana shiga da abincin gida. Sannan tambaya mai muhimmanci ga iyalinmu: wace irin sutura ake yarda mata da 'yan mata su shiga ruwa da ita? Gara a ji amsar tun daga gida, da a je a tsaya ana ja-in-ja a ƙofa yara suna kallo. In ka je, leƙa ruwan. Idan ba ka ganin ƙasansa sarai, ko ya yi kore, nemi wani wuri.

5. In Boali ce, tambayi hanya sau biyu. Sau ɗaya da saura mako, sau ɗaya daren jajibiri. Tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum, su ne suka san abin da ke ciki; labarin watan jiya ba ya amfani yau. In aka ce akwai shakka, fasa, ruwa ba zai gudu ba. Ɗauki shatar mota daga direban da ka sani, ku yanke kuɗin zuwa da jira da dawowa tun kafin a tashi. Duba taya, birki da tayar ajiya, a cika tanki a Bangui. Haɗa takardun shaida na kowane babba da takardun haihuwar yara a leda ɗaya, domin akwai shinge a Kilomita Goma Sha Biyu, inda hanyar Boali ta rabu da ta Damara. Ko pisin ɗin cikin gari za ku, kada a jera yara uku a kan babur. Ɗauki tasi.

6. Raba kuɗin gida uku. Na mota, na shiga da abinci, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓawa sai larura. Nemi canji tun a kasuwa, 'yan sefa 500 da 1,000, domin neman canjin 10,000 a bakin ƙofa yakan cinye rabin awa. Sa wa waya kati, a cika ta da caji.

7. Shirya sutura daren jajibiri. Wannan aikin uwargida ne, kuma ya fi yadda ake zato muhimmanci. Zani, doguwar riga da dogon hijabi ba sa shiga ruwa: suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafa, su rufe fuska. A nema wa 'yan mata wando mai kama jiki har idon sawu, riga mai dogon hannu da ba ta da yalwa, da hular da ta kama kai. An suturta, kuma an tsira. Maza gajeren wando mai igiya. Zaɓi launi mai ɗaukar ido, ja, rawaya ko ruwan lemo. Shuɗi da fari sajewa suke da ruwa, ba ka ganin yaron in ya yi ƙasa. Kowane yaro a sa masa tawul, kayan canji da silifas. A cire sarƙa da 'yan kunne masu reto a bar su gida, a kitse gashi ko a ɗaure shi tam.

8. Haɗa jaka. Ruwan sha shi ne farko, aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, ƙari in Boali ce. Abinci wanda ba ya saurin lalacewa a zafi: burodi, kilishi, dafaffen ƙwai, ayaba, gyaɗa, fanke. Miya da kayan madara a bar su. Zuwa da naka ya raba ka da tambayar yadda aka yanka naman bakin hanya. Kada a ɗauki kwalba ko kofin gilashi, tsinken gilashi a bakin ruwa ba ya ganuwa sai ya shiga ƙafa. Sa tabarma, buta, laima, sabulu, leda ta jiƙaƙƙun kaya da ta shara. Sa filasta, auduga, maganin wanke ciwo, farasitamol na yara da gishirin zawo. Yaron da yake da asma ko farfaɗiya, maganinsa a aljihunka, ba a ƙasan jaka ba, kuma mai farfaɗiya ba ya shiga ruwa sai babba yana manne da shi. Abu na ƙarshe: jarka mara komai mai murfi, a ɗaura mata igiya doguwa. Za ka ga amfaninta a mataki na 16.

Game da robobin da ake hurawa a sa wa yaro a hannu, da tsohon tiyub na mota: kayan wasa ne. Suna sacewa, suna zamewa, suna kifar da yaro kai ƙasa. In kana da halin sayen rigar ceto ta gaske mai maɗauri, daidai da nauyin yaron, saya. Ko ita ba ta maye gurbin ido.

9. Zaunar da yara bayan sallar isha. Kada ka bari sai sun ga ruwa, lokacin kunne ya toshe. Dokokin su zama kaɗan, don su zauna: ba mai shiga sai an ce ya shiga, ba gudu a bakin ruwa, ba turi, ba danna kan wani a ruwa ko da wasa, ba shan ruwan wanka, wanda ya ɓace ya tsaya inda yake. Sa kowa ya maimaita da bakinsa. Haɗa su biyu-biyu, kowa da abokinsa. Ƙananan a rubuta lambar wayarka a ƙyalle a ɗaura musu a hannu. Wanda yake zawo, ciwon ido, ciwon kunne ko zazzaɓi ba zai shiga ba. Faɗa masa tun yanzu, ka yi masa alkawarin wata rana, ka kuma cika.

10. Fita da sassafe. In Boali ce, a tashi da an idar da asuba gari ya fara haske. Ba wa hanya awa biyu ko fiye, da tsaye-tsayen shinge. In pisin ne, ku zama na farko a ƙofa. Yara su karya kumallo mara nauyi, su zaga bayi, a yi addu'ar fita. Gaya wa wani a gida inda za ku da lokacin da za ku dawo. Ƙirga kawuna a mota da babbar murya, ka riƙe adadin.

Idan kun shiga garin Boali, akwai abin da ya kamata manyan yara su ji. A watan Janairun 2014, lokacin rikicin, ɗaruruwan Musulmin garin sun fake a cocin Saint-Pierre, limamin cocin, Xavier Fagba, ya buɗe musu ƙofa ya tsaya musu. Ni ina ganin yaron da ya tashi a Kilomita Biyar yana da hakkin ya san wannan ma, ba labarin tsoro kaɗai ba.

11. Da isa, kada kowa ya tuɓe. Riƙe hannun ƙananan, ku zaga wurin tare. Nuna musu inda ruwa ya kai gwiwa, inda ya kai ƙirji, da inda ba nasu ba ne. Shiga da kanka ka gwada, kada ka dogara da lambar da aka rubuta a bango. Duba magudanar da take jan ruwa a ƙasa ko a jikin bango. In murfinta ya karye, kada yaro ya kusance ta, tana kama gashi da tufafi. Gai da mai ceto in akwai, ka nuna masa yaranka. Shimfiɗa tabarma a inuwar da ake ganin ruwan gaba ɗaya daga cikinta. Wurin nan shi ne mahaɗa.

12. Naɗa mai ido, ku riƙa karɓa-karɓa. A nan zan daɗe, domin na gani. Wata Asabar a wani wurin ninkaya, mu manya biyar ne a zaune, kowa yana zaton wani na kallo. Ɗan ƙanwata, mai shekara biyar, ya taka inda ƙasan ya gangara, taku biyu kacal daga inda yake wasa. Bai yi kuka ba. Bai ɗaga hannu ba. A tsaye yake cikin ruwan, kansa ya karkata baya, bakinsa yana nutsewa yana fitowa, hannayensa suna danna ruwa kamar mai hawan tsani, idonsa a buɗe yana kallonmu. Wanda bai sani ba zai ce wasa yake. Gwaggonsa ce ta ɗago kai daga zuba shayi ta faɗa da kayanta ta cafo shi. Duka abin bai kai minti ɗaya ba, kuma babu wanda ya ji komai.

Haka nutsewa take, shiru. Don haka a ware babba guda wanda aikinsa kallo ne kawai. Ba waya, ba hira, ba ɗaukar hoto, ba ɓare ƙwai. Ba shi alama da kowa zai gani, jar hula ko wani gyale. Ya tsaya a bakin ruwa yana ƙirga kawuna, ya gama ya sake. Bayan minti 15 zuwa 20 ido yana gajiya, sai a canza, kuma a canza da baki da hannu: "Kawu, ga hula, yara shida ne a ruwa." Shi kuma ya amsa: "Na karɓa, shida." In bai amsa ba, ba a sauka ba. Yaron da bai iya ruwa ba kuwa, nasa babban yana cikin ruwan tare da shi, nisan miƙa hannu. Kasancewar mai ceto ba ta sauke maka wannan nauyi. Shi yana kallon yaran kowa, kai naka.

13. In akwai abin sulalo, tsara shi. Ɗaya bayan ɗaya, a zaune, ƙafa a gaba. Na sama ya jira sai na ƙasa ya fice daga bakin. Babba ya tsaya inda ake faɗowa. Ba a tsunduma da kai a inda ba a san zurfinsa ba, karayar wuya daga nan take zuwa.

14. Fito da su hutu kafin su nema. Duk minti 40 ko makamancin haka a fito, a sha ruwa, a zaga bayi, a zauna inuwa. Yaro a ruwa ba ya jin ƙishi, amma yana zufa. Wanda leɓensa ya canza launi ko yake rawar sanyi, a naɗe shi da tawul. Daga ƙarfe 11 zuwa 3 ranar Bangui a tsakar ka take, nan ne lokacin abinci da sallar azahar. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ba ya barin inuwa. Ku yi salla kashi biyu, ko kuma a fito da yara duka a zaunar da su wuri ɗaya tare da mai ido. Lokacin cin abinci da lokacin salla su ne lokutan da ƙaramin yaro yake sulalewa ya koma ruwa shi kaɗai, domin kowa ya ɗauka an gama. Idan aka ji tsawa, kowa ya fita nan take, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake ji ba.

15. A Boali da bakin kogi, ƙara waɗannan. Duwatsun da feshi ya jiƙa santsi ne da su kamar sabulu. Takalmi mai kama ƙafa, hannun yaro a naka, kai ta ɓangaren rami. Ba a hawa dutse don hoto. A sama da matsirgar akwai madatsa, kusa da ita kuma tashoshin da suke ba Bangui wutar lantarki, don haka yawan ruwan yana iya canzawa. Inda kake gani a bushe da safe ba amana ba ne. Ɗauki ɗan jagora na wurin, ka ji maganarsa. Kwantaccen ruwa mai ciyawa a gefen rafi kuwa, shi ne gidan katantanwar da take ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ta fata take shiga, wanka ɗaya ya isa. Yankin yana da kadoji, kada yaro ya tsuguna a bakin tafki. Kwalekwale kuma, in babu rigar ceto ga kowane yaro, ko an cika shi maƙil, kada ku hau. A watan Afrilun 2024 jirgin ruwan da aka cika fiye da kima ya kife a kogin M'Poko nan Bangui, mutum aƙalla 58 suka rasu.

16. In abu ya faru, bi wannan jerin. Karanta shi tun a gida har ya zauna, ka karanta wa sauran manya. Yaro ya ɓace? Ruwa ake fara dubawa, kafin bayi, kafin mota. An ga yaro yana nutsewa? Yi ihu, ka nuna shi da hannu. In ba ka iya ruwa ba kuma wurin ya fi ƙarfinka, kada ka faɗa, gawa biyu za a yi. Kwanta a bakin ruwa ka miƙa sanda ko tawul, ko ka jefa jarkar nan ka jawo igiya. Da an fito da shi, kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, ɗaga haɓarsa, ka duba numfashi na daƙiƙa 10. In yana numfashi, juya shi ta gefe, a rufe shi. In ba ya yi, toshe hancinsa, hura masa iska a baki sau 5, kana ganin ƙirji yana tashi. Sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30, da sauri kamar biyu a daƙiƙa, zurfin kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjin. Hannu ɗaya ga ƙaramin yaro, yatsu biyu ga jariri. Hura sau 2, danna sau 30, haka har ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. Kada a riƙe shi ƙafa sama, kada a matse cikinsa don fitar da ruwa. Ɓata lokaci ne, kuma amai yana iya shiga huhu. Ko ya tashi yana magana, a kai shi asibiti ranar. A Bangui asibitin yara, Complexe Pédiatrique. A Boali tambayi inda asibitin garin yake tun da isarku. Karatu ba ya kai gwaji, don haka in ka ji 'yan Croix-Rouge suna koyar da taimakon farko, je ka sa hannu.

17. Tashi da sauran rana. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu kuma ba ya jira. Daga Boali a kama hanya kafin ƙarfe 3. Sanar da yara saura minti goma, sannan saura biyar, kuka zai ragu. Mai ido ba ya ajiye hula sai kowane yaro ya sa kaya ya bar bakin ruwa. Lokacin naɗe tabarma hankalin kowa yana kan kaya. A wanke jiki da sabulu da ruwa mai tsabta, a goge kunne da bakin tawul, kada a tura tsinke. Kwashe shararku. Ƙirga kawuna a ƙofa, ka sake ƙirgawa a mota, adadin ya yi daidai da na safe.

18. Ci gaba da lura bayan an dawo. A daren, yaron da ya shaƙi ruwa in yana tari ba ƙaƙƙautawa, numfashinsa yana sauri, ko ya yi laushi fiye da gajiya, a tafi asibiti, kada a jira safiya. A kwanakin da suka biyo, duba jan ido, ciwon kunne, zawo da zazzaɓi. Zazzaɓi a gwada jini tukuna. In wani ya taka ruwan rafi ko tafki, rubuta ranar a takarda. Tsargiya takan ɗau makonni kafin jini ya fito a fitsari, yara maza kuma ɓoyewa suke don kunya, sai ka tambaye su a keɓe. Maganinta, praziquantel, yana aiki, likita ne zai auna shi daidai da yaron. Shanya kayan ruwan a rana, a zazzage jarka, a naɗe igiyarta a ajiye tare da jar hular, wuri ɗaya.